Ni Na Koya Masa Faɗin "Hard-won", Ya Gode Wa Kowa Ban Da Ni

Anti Rekiya, assalamu alaikum.

Don girman Allah ki taimaka mini da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Yanzu haka da nake rubuta miki, jakata na bayan ƙofa cike da kaya, motar Abaji kuwa, garin da yayana yake, ba wuyar samu gare ta ba. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Ni ce ma mai yi wa masu rubutowa tsiya, in ce ina ruwan duniya da sirrin ɗakinki. To yau ga ni. Sunayen da zan ambata duk na sauya su, amma in wani cikin dangin mijina ya karanta ya gane kansa, to ya gane ɗin, ko a jikina.

Ni malamar Turanci ce, ko in ce da can malama ce, a wata ƙaramar sakandare a nan Durumi. Maigidana mataimakin darakta ne a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya. 'Ya'yanmu uku, babbar, Kauthar, tana jami'a. Kusan shekara biyu ke nan, wata safiya yana ɗaura agogo zai fita ofis, agogon ya suɓuce ya faɗi, kafin in ce mene ne shi ma ya bi shi ƙasa. Hawan jini. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka tafi, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Mutumin da in yana waya a falo har maƙwabta sun san da wa yake faɗa, ya koma ko ruwa ba ya iya cewa a ba shi.

Anti, ba zan tsaya zayyana miki komai ba, don shafin jaridarku ba zai ɗauka ba. Ni ce wanka, ni ce juyi, ni ce kai shi bayi da abin da ke biyo bayan haka. Na ɗauki hutu a makaranta, hutu ya ƙare, na roƙi ƙari, aka ce in zaɓa, ko aji ko jinya. Na zaɓi jinya. Danginsa kuwa, Allah ya saka musu, makonnin farko sun cika asibiti da kuloli da ƙamshin turare, har sai da ma'aikatan jinya suka riƙa korar su. Da aka sallamo mu gida aka ga abin ba na yau ko gobe ba ne, sai kowa ya koma waya. "Allah ya ƙara sauƙi" da ɗan hoton hannu biyu a sama, shi ke nan an yi dubiya. Ƙaninsa Badaruddeen, wani ɗan kwangila a Maitama, shi in ya zo ko zama ba ya yi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota, ya ce Yaya ai ka warware, ya juya.

Akwai wata baiwar Allah, Rosemary, mai gashin ƙashi, da ke zuwa gida lokaci-lokaci. Ita ta ce mini zuwanta kaɗai ba zai yi komai ba, aikin na kullum ne, kuma na wanda ke cikin gidan. Ta koya mini. Kowace safiya bayan karin kumallo in jiƙa hannun a ruwan ɗumi, in shafa mai, in buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, don a dunƙule suke kamar ya damƙe wani abu yana rowarsa. Sannan in ɗora masa faranti da wake a cinya, ya riƙa tsinta yana zubawa a kofi. Babban mutum, mai sa hannu a takardun gwamnati, yana kokawa da ƙwayar wake! Wata rana ya yi wurgi da farantin, in bi in tsince waken a ƙarƙashin kujeru in dawo masa da shi. Wata rana ya yi kuka, in yi kamar ban gani ba, in shiga kicin in yi nawa. Magana kuwa ni na san yadda na yi. Madubi na sa masa a gaba na koma da shi aji ɗaya, buɗe baki, tura leɓe, ɗaga harshe. Kin san kalmar da ta fara fita daga bakinsa bayan watanni? "Bari!" Tsawa ya daka mini don na matsa masa. Wallahi ranar har sujada na yi.

Allah cikin ikonsa ya tashe shi. Yana takawa da sanda, yana cin abinci da hannunsa, har ya koma ofis na rabin wuni. Sai ga dangi sun ɓullo daga inda suka ɓuya, wai za a yi walimar godiya ga Allah. Kin san Abuja, ba a walima a tsakar gida a kan tabarma. Ɗakin taro aka kama a Maitama, da mai gabatarwa, da masu hoto, da kayan rabo. Badaruddeen ya naɗa kansa shugaban kwamiti. Shi ya rubuto jawabin da maigidan zai karanta, da Turanci, saboda ogogin ofis za su zo. Ya turo mini, wai malama ki duba mana kurakurai, ki kuma sa shi ya haddace.

A nan maganar kalmar ta shigo. Badaruddeen ya rubuta cewa warkewar "miraculous" ce, wato abin al'ajabi. Ni ban musa ba Allah ne ya ba da lafiya, astagfirullah, wa ya isa? Amma kalmar ta tsaya mini a wuya, don ta mai da abin kamar an kwanta an tashi an tarar da mutum yana yawo. Na soke ta na rubuta "hard-won". Shekara da shekaru ina koya wa yara wannan kalma. Ina ce musu, abin da aka samu bayan an sha baƙar wuya ke nan, an faɗi an tashi, har an fara fid da rai. Ba a faɗinta a kan abin da ka tsinta a hanya, ko ka gada, ko kawunka ya ɗaga waya ya samo maka. Ana faɗinta a kan 'yancin ƙasa, ko zaman lafiya bayan an daɗe ana rikici, ko shaidar karatun da mace ta samu da goyo a baya. Na so duk wanda ya zauna a ɗakin taron nan ya san an ji jiki.

Kuma kalmar ta ba shi wuya fiye da duk sauran jawabin. Rabin farko ya fita lafiya, in ya zo tattara leɓe don rabi na biyu sai bakin ya ƙi, iska kawai ke fita. Makonni muka yi a kanta. In tsaya a gabansa kamar ina aji, in faɗa, ya faɗa, ya buga hannun kujera ya ce a canza ta, in ce ba za a canza ba. Har ya iya.

To a ƙarshen jawabin akwai godiya. Likitoci, Rosemary, babban sakataren ma'aikatarsu, abokan aiki, kwamitin walima, har Ɗangoggo direbansa. Babu ni. Na gani tun ranar farko, ni ba makauniya ba ce. Biro na hannuna, na gyara waƙafi, na gyara aya, amma ban ƙara sunana ba. Anti, da hannuna zan rubuta wa kaina yabo, in kuma zauna in koya wa miji yadda zai faɗa? Ina kunya ta tafi? Na ce a raina ai shi ma yana da ido, ya san wadda ta tsince waken. In mun kai ƙarshe a gwaji sai in dube shi in ce, shi ke nan? Ya ce shi ke nan. Sai in ce wa kaina ɓoyewa yake yi, so yake ya ba ni mamaki a ranar.

Abin da ya sa ma na sa rai, bara mun je bikin ritayar wani abokin aikinsa, Mista Kure. Lokacin maigidan yana kan keken marasa lafiya, ni ke tura shi. Mista Kure ya kira matarsa Magdalene gaban jama'a, ya riƙe hannunta, ya ce in ban da wannan matar da tuni ya koma ƙauye yana noman doya. Kowa ya miƙe tsaye ana tafi. Maigidana hannu ɗaya gare shi a lokacin, ya riƙa buga shi a cinya, har da hawaye. Ke nan ya gani, kuma ya san abu ne mai kyau. Ban ce ya riƙe hannuna a gaban mutane ba, mu ba mu saba ba, ni ma da kunya ta kashe ni. Amma "mai ɗakina" ma ai magana ce.

Ranar walima ya miƙe da sandarsa, ya ƙi a riƙe shi. Ya karanta tiryan-tiryan. Da ya zo kan kalmar nan ta fita tas, ɗakin ya ɗauki tafi da kabbara. Ya yi godiyarsa yadda take a rubuce. Sannan ya naɗe takardar ya juyo ɓangaren mata. Ina zaune kusa da mahaifiyarsa, har na fara jan mayafi in rufe fuska. Ya buɗe baki da Hausa ya ce wa mahaifiyar tasa, "Hajiya, na gode da addu'a." Ya koma ya zauna.

Shi ke nan fa, Anti. Shi ke nan! Ban gama haɗiye wannan ba sai ga matar Badaruddeen ta dafa ni, wai in taso in taya su rabo, hannu ya yi kaɗan. Kofunan shayi ne da hoton maigidan, an rubuta "A Hard-won Victory" da ruwan gwal, a ƙasa kuma an sa wai daga Badaruddeen da iyalansa. Da hannuna na bi tebur-tebur ina raba su ina murmushi, kamar 'yar aikin da aka ɗauko don ranar. Madam Magdalene ce kaɗai ta riƙe ni, ta ce da Hausarta, Madam sannu, mun san aikin da ka yi. Wannan ya fi komai ƙona ni, don ashe mutane sun lura, tausayina suke ji.

Tun daga ranar Badaruddeen ya maƙale wa kalmar kamar shi ya haife ta. Yana gaya wa mutane shi ya zaɓo ta. Ya sayi sabuwar mota, ya ɗora hoto, hard-won. Ɗansa na nazare ya samu kyautar wanda ya fi kowa tsabtar farce, hard-won. Kwangilar da duk dangi sun san surukinsa ne ya buga waya aka ba shi, ita ma hard-won! Haba! Wace wuya ya sha, ta hawa lifta? Na kasa daurewa, na rubuta a guruf ɗin dangi cewa ba haka ake amfani da kalmar ba, a daina wulaƙanta ta. Ya turo fuskar dariya, wai malama ta motsa. Magana ta kai kunnen Hajiya, ban san wa ya kai mata ba, amma ta gane inda na dosa. Ta kira ni ta ce a gidansu namiji ba ya yabon matarsa a gaban uwarsa da yayyensa, rashin ta-ido ne, kuma jinyar miji lada ake nema da ita a wurin Allah, ba tafi ba. Na ce mata to, don uwa ce. Amma a raina na ce, shi Ɗangoggo ba ya son ladan ne da aka ambace shi?

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Tun ranar walimar ban sake taɓa hannun nan ba. Ina dafa masa abinci, ina ba shi magani a kan lokaci, ina goge masa kaya, ba wanda zai ce na gaza. Amma ruwan ɗumi da mai da buɗe yatsu, na daina. Tun da nasararsa ce shi da ƙaninsa, su ci gaba mana. Ban gaya masa dalili ba, shi ma bai tambaya ba. Kullum bayan karin kumallo sai ya ɗauko farantin waken da kansa da hannun hagu, ya zauna a kujerar da muka saba, ya ɗora a cinya, ya yi ta kallon ƙofar kicin. In wuce shi in shiga ɗaki. In ya gaji ya ajiye ya tafi ofis. Ko "me ya faru" bai iya ce mini ba, mutumin da ya yi jawabi a gaban babban sakatare!

Shekaranjiya Rosemary ta zo, ta duba hannun, ta biyo ni kicin. Ta ce yatsun sun fara komawa, biyu na ƙarshe ba sa buɗewa sai da ƙarfi, in aka ƙara sakaci za su iya ƙagewa, kuma ba ta yi mini alkawarin za su sake buɗewa ba. Ta tambaye ni ko ba ni da lafiya ne. Na ce lafiyata lau. Jiya muna cin abinci cokali ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa. Ya dubi cokalin, ya dube ni. Ban sunkuya ba, ƙaramar 'yarmu ce ta ɗauko masa.

Anti Rekiya, ni ba muguwa ba ce, amma na fara tsoron kaina. Zuciyata na ce mini in ɗauki jakar nan in tafi Abaji gidan yayana, in bar musu shi su ɗanɗana, mu ga ko kofi zai buɗe masa yatsu. Wata zuciyar na ce mini in hannun nan ya mutu, ni na kashe shi. Aikina ya tafi, ƙawayena sun watse, bayana har yau ciwo yake saboda ɗaga shi, kuma ko sannu ban samu daga bakinsa ba. In tafi ko in zauna? In na zauna, ta yaya zan kama hannun mutumin da nake jin haushinsa haka? Ki faɗa mini gaskiya ko da ɗaci, amma don Allah kar ki ce mini in yi haƙuri. Na ji ta har ta gundure ni.

Taki,
Malama Mai Fushi, Durumi, Abuja.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama.

Sannu. Na fara da ita tun da ita aka hana ki. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya, sannu da aikinki da kika ajiye. Ba zan ce ki yi haƙuri ba, kin riga kin yi wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kuma fushinki na kan hanya. An yi miki ba daidai ba a gaban jama'a, sannan aka miƙa miki kwalin kofuna.

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan al'ada. A gidaje da yawa haka abin yake, kuma ban ga alamar da mugunta ta faɗa ba. Sai dai al'adar nan da kanta ta bar hanya. In miji ba zai iya ba, wansa ko kawunsa kan miƙe ya ce muna yi wa mai ɗakinsa da danginta bangajiya, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin kunya. Mutanen da suka kama ɗakin taro a Maitama, suka yi jawabi da Turanci, suka buga hoto a kofi, ba su da bakin tuna al'ada sai a layin da ya shafe ki. Wannan laifin na kwamiti ne, mafi yawansa kuma na wanda ya rubuta jawabin. Amma ki fita harkar Badaruddeen. Ya kira motarsa duk abin da ya ga dama. Gyara masa Turanci a guruf ba zai rage miki zafi ba, sai ma ya ba su abin dariya, su ce rigimar malama a kan kalma ce.

Yanzu naki, tun da kin ce ko da ɗaci. Kin shirya wa mijinki jarrabawa ba ki gaya masa akwai ta ba. Kin fi kowa sanin yadda magana take fita daga bakinsa yanzu. Abin da aka maimaita masa har ya zauna, shi yake iya faɗa a tsaye a gaban taro. Makonni kuka yi a kan kalma ɗaya, sannan kika sa ran ya ƙirƙiro sabuwar jimla nan take, ana haska shi da fitilun masu hoto, jimlar da ko lokacin da yake da lafiya ban jin ya taɓa faɗin irinta. Za ki ce ai ya gode wa Hajiya ba a rubuce ba. Haka ne. Amma "na gode da addu'a" tun yana yaro yake gaya wa uwarsa, a kan harshensa take, kuma irin waɗannan sun fi saurin dawowa. Tambayi Rosemary ki ji. Kunya ta hana ki rubutawa, kunya da nauyin baki suka hana shi faɗa. Ban fa wanke shi ba. Daga ranar zuwa yau ga ɗaki, ga ke, babu Hajiya babu babban sakatare, kuma bai ce uffan ba. Wannan nasa ne, dole ya ji shi. Ina dai so ki lura, wanda ke ɗauko faranti kullum ya zauna yana kallon ƙofar kicin ya damu. Ko bai san laifinsa ba, ko ya sani ya rasa ta inda zai fara.

Batun kalmarki, ke ce malama, ba zan koya miki ba, kuma kin zaɓa daidai. Abu ɗaya zan ƙara daga rubuce-rubucen Turancin da aikina ke sa ni karantawa. Ba kasafai ake ɗauko "hard-won" don ado ba. An fi ɗauko ta in abin na neman suɓucewa, a ce kar a yi wasa da zaman lafiyar nan, kar a zubar da 'yancin nan, ku tuna yadda aka same shi. Sau da yawa mai faɗinta gargaɗi yake yi. To yau ni ke yi miki gargaɗin da kalmar da kika zaɓa da kanki. Yatsun nan da suka buɗe, wuyarki ce a ciki, da tasa, don shi ma ba ƙaramin abu ya haɗiye ba kafin ya yarda ya zauna tsintar wake a gaban 'ya'yansa. Abin da kike bari ya lalace aikinki ne. Badaruddeen ba zai rasa komai ba in hannun ya ƙage. Ke ce za ki koma ba da abinci a baki, da ciwon da ya fi na yanzu, don za ki san yadda aka yi.

Saboda haka ki raba maganar biyu. Ta godiya za ta iya jira, ta hannu ba za ta jira ba. Ki koma kansa gobe, ko kina fushi, ba sai zuciya ta yi fari ake buɗe yatsu ba. Ki gaya wa Rosemary gaskiyar tun yaushe aka daina, don ta san abin da za ta yi. Ba sai kin ba ta dalili ba.

Sannan wannan aiki ya daina zama naki ke kaɗai. Kuskuren da aka yi tun farko ke nan, kuma shi ya tara miki gajiyar da ta zama wannan wutar. Rosemary ta koya wa Kauthar in tana hutu, ta koya wa ƙannenta. Dangin da suka iya kama ɗakin taro za su iya ɗaukar nauyin ƙarin zuwan mai gashi, kuma mijinki ne zai gaya musu, ba ke ba. Ki je a duba bayanki. Ki fara neman hanyar komawa aji, ko a wata makarantar ce, tun da shi ya koma ofis. Malamar da ta tsaya makonni a kan kalma ɗaya bai kamata ta zauna a gida ba, yara na can ana koya musu Turancin Badaruddeen.

Abaji kuwa za ki je, kina buƙatar hutun, amma ba da wannan jakar ba. In kika fita yau, labarin da za a bayar shi ne ta gudu ta bar mara lafiya, kuma duk abin da kika yi a baya za a binne shi a ƙarƙashin wannan. Ki kwance kayan. In an tsara masu kula da hannun, ki tafi da saninsa. Ni da so samu ne ma, shi ya kai ki da sandarsa, ya zauna a gaban yayanki ya ce ya zo bangajiya. Wannan bai saɓa wa al'adar Hajiya ba, kuma ya fi tafin Maitama nauyi. Ki nemi haka a wurinsa kai tsaye, kar ki sake jira ya gane da kansa. In ya ji duka ya nuna ko a jikinsa, to a nan magana ta canza, sai ki sa yayanki da wani babba a danginsa su zauna, kuma ba wanda zai ga laifinki.

Kin tambaye ni ta yaya za ki kama hannun wanda kike jin haushinsa. Ki kama shi da haushin. Gobe in ya zauna, ki kawo ruwan ɗumin, ki sallami yara, ki ja kujera. In hannun ya shiga naki ki faɗa masa a taƙaice, ba zagi ba gori: ka gode wa kowa ka bar ni, ya yi mini ciwo, shi ya sa na daina. Ba inda za shi, ke ma ba kya tashi sai kin gama da yatsun. Daga nan sai abu mafi wuya, ki yi shiru. Zai yi ta kokawa, bakin zai karkace, wataƙila abin da zai fito ba zai kai yadda kike so ba. Na san kin saba tarar numfashinsa ki ƙarasa masa magana, duk mai jinya haka yake yi. Wannan karon kar ki ƙarasa masa. Ko zai kai azahar, ki jira ta fito daga bakinsa.

Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya miki zuciya, ya ba ki ladan wahalarki, ya kuma sa ki ji godiyar da kunnenki tun a nan duniya.

Anti Rekiya